Takardar Sallamar Ɗanjuma

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya. Ya maigida da yara? Ya zaman Ikko?

Ni dai gajiya ta yi mini yawa. Ɗanjuma, mai gadin daji da ke ƙarƙashina, ya daina zagaye tun da matarsa ta rasu. Aka aiko mini takardar sallamarsa daga ofis. Na same shi a Kakangi yana tuƙa wa 'ya'yansa tuwo. Ya ce, "Malam, wa zan bar wa su?" Na kasa miƙa masa takardar. Na roƙa masa hutun wata biyu a ofis, aka ba shi ɗaya. Yanzu ni ke yin zagayensa a keke bayan nawa, har ƙafafuna sun kumbura.

Ki gaida kowa. Ki sa mu a addu'a, ni da shi.

Ƙaninki,
Bala