Ƙadangaren 'Yata Ya Ƙi Abincina

Malama Saodat,

Ki taimake ni, don na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a Samarkand ba tare da ya yi mini dariya ba. Shekarata arba'in ina dafa osh, dafa-dukarmu ta shinkafa da nama da karas, a bukukuwa, kuma ban taɓa ganin wanda ya tashi daga gaban farantina da yunwa ba. Yau ga ni da furfura ina kuka a kan ƙadangare.

'Yata Muhayyo ce ta saye shi bara, irin mai gemun nan da ake ajiyewa a akwatin gilashi da fitila a sama. Mirzo take ce masa. Ban ɓoye mata ba, na ce mutane suna kiwon salwa mai waƙa, ita ta kwaso abin da ake jifa da dutse. Tun rasuwar mahaifiyarta dama magana ba ta yi mana tsawo, daga "ka ci abinci?" sai "na ci". Amma da za ta tafi aiki Koriya a farkon kaka, ta tsallake matan yayyenta duka ta kawo mini akwatin, ta ce ni ne ba na wasa da cikin kowa. Daga nan kullum Juma'a sai ta kira ta tambayi Mirzo, daga Mirzo mu gangara kan gwiwata, da rufin ɗaki, har da mahaifiyarta. Rabon da mu yi hira haka na manta.

Da sanyi ya shigo sai ya fara tsallake abinci. Gyare ya wuce ta gaban hancinsa, ko kallo. Daga baya ya shige ƙarƙashin guntun itacensa ya kwanta, jiki sanyi ƙalau. Na yi abin da uwata ta yi mini ina yaro: na shafe masa ƙirji da kitsen wutsiyar rago, na naɗe shi a tsumma, na sa shi ƙarƙashin bargon sandal, teburinmu mai garwashi a ƙasa. Da ya ɗan motsa na buɗe bakinsa da ƙaramin cokali na ɗura masa romon rago. Na yi haka sau da yawa. Ranar ƙarshe ya amayar, gemunsa ya yi baƙi ƙirin, ya kalle ni kamar na zage shi. Na mayar da shi akwatinsa.

Na yi kuskuren faɗa wa abokina Ergash a gidan shayi. Ya ce ashe wanda ya ciyar da rabin gari ya gamu da baƙon da ya fi ƙarfinsa, wai in gwada ƙara tafarnuwa. Yanzu ko shigowa na yi sai wani ya tambaye ni lafiyar surukina, wai Mirzo.

Amma ba wannan ne ke cina ba. Duk Juma'a ina gaya wa Muhayyo Mirzo yana ci kamar ɗan kokawa. Gyaren da ake kawowa salwata nake zuba wa, har ta yi ƙiba ta daina waƙa, sannan in ɗauki hoton kwanon wayam in tura. Makon jiya a waya ta ce, "Baba, a cikin wannan sanyin yake ci haka?" Na ce ƙwarai. Ta ce to, amma muryarta ba ta yi mini daɗi ba.

Za ta dawo lokacin Navruz, bikinmu na sabuwar shekara bayan wucewar sanyi. Mirzo yana numfashi, amma ban sani ba ko mutuwa yake yi a hankali, ko ni na kashe shi da cokalina. Kunya ta hana ni zuwa wurin likitan dabbobi, don sai na faɗi abin da na yi. In kuma na gaya mata, ina tsoron wayar Juma'a ta ƙare. Yaya zan yi?

Tsohon Mai Dafa Osh

*

Baba,

Ka kwantar da hankalinka, ka kuma ajiye cokalin nan. Na kai maganarka wurin wata likitar dabbobi da ta saba da irin su Mirzo, kuma abin da ta fara cewa zai ba ka mamaki: mai yiwuwa tun farko lafiyarsa ƙalau.

Irin wannan ƙadangare, in ya girma, yakan yi dogon kwanciya idan sanyi ya zo rana ta gajarta. Yakan rage ci, ko ya daina gaba ɗaya, ya nemi lungu ya lafe na makonni, wani har watanni. Haka kakanninsa suke yi a dajin Ostareliya. Jikinsa ba ya haɗa zafi da kansa kamar namu, don haka abin da ya ci cikin sanyi ba ya narkewa, sai ya zauna a ciki ya lalace. Romo mai gishiri da albasa da kitse ba abincinsa ba ne ko a lokacin zafi, hayaƙin garwashi kuma yana iya cutar da shi. Ka yi masa jinyar ɗan Adam da zuciya ɗaya, sai dai shi ba ɗan Adam ba ne.

Tunda ya yi amai, kada ka tsaya zato. Ka kai shi wurin likita a wannan makon, a ɗumi, ka faɗi komai har da kitsen. Likitar ta ce ta ji abin da ya fi wannan, kuma ba ta da lokacin yi wa kowa dariya. Za a auna nauyinsa, a duba kashinsa ko akwai tsutsa, a saurari numfashinsa ko romon ya bi ta hanyar iska. Ciwo da wannan kwanciya suna kama da juna, abin da ke raba su shi ne rama. In idanu sun faɗa, gindin wutsiya ya tsuke, ko gemu ya ƙi washewa, to ba barci ba ne. In an ce lafiya, ka goge masa kitsen da ruwa mai ɗumi, ka bar masa ruwan sha da fitilarsa da rana, ka daina tono shi daga maɓoyarsa. Da kansa zai fito neman abinci.

Sai maganar Muhayyo. Na fahimci tsoronka, kuma ba zan ce maka ba za ta ji haushi ba, don tana da haƙƙin ji. Amma ka sake tuna tambayar da ta yi maka. Mai kiwon irin wannan dabba da wuya a ce ba ta san da kwanciyar sanyi ba. Ina zaton ta daɗe tana jiran ka ce ya daina ci, don shi ne labarin da zai kwantar mata da hankali. Kai kuma ka ɓoye mata shi, ka ba ta wanda bai yi kama da gaskiya ba. Ko dai tana can tana damuwa da ƙadangaren, ko ta gane, tana jira ta ga ko mahaifinta zai iya ce mata "na kasa".

Kada ka jira Juma'a, kada kuma ka jira sakamakon likita don ka samu abin kare kai. Ka kira ta yau. Ka fara da ƙaryar kafin romon, don ita ce ta fi nauyi. Ka gaya mata dalilin yadda ka gaya mini, cewa tsoron rasa hirarta ne ya sa. Ina ganin ba ta taɓa jin wannan daga bakinka ba, kuma bai kamata ni baƙuwa in riga 'yarka ji ba.

Allah ya ba Mirzo lafiya, ya sanyaya zuciyar Muhayyo, ya dawo maka da ita gida lafiya.

Saodat