Baba Ya Daina Ɗaukar Wayata

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara da maigidanki, ya kuma jikin Baba? Ni lafiya lau, sai ciwon baya na ɗaga tsofaffi, wannan kuwa ba komai.

Kin ce har yanzu Baba ya ƙi zuwa wankin ƙoda. Ji abin haushi: a nan gidan kula da tsofaffi ina lallashin iyayen wasu su sha magani, har ana yaba mini, nawa uban kuwa ya daina ɗaukar wayata. Na yi faɗa, na yi kuka, na tura masa bayanan likitoci kamar mai shirin jarrabawa. Jiya wata tsohuwa ta datse baki, na riƙe cokali har hannuna ya sage, na ajiye. Ai bakinta ne.

Don Allah ki daina ɓoye masa magani a abinci. Ki ce masa na saduda, ba zan ƙara ambaton asibiti ba. Na haƙura. Ya dai ɗauki waya, ko zagina zai yi, in ji muryarsa tun tana nan.

Allah Ya ba shi sauƙi.

Yayarki