"Halal Gare Shi": Yafiya Ce ko Baƙar Magana?

Gwaggo Fikreta, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle. Addu'ar arba'in ta mahaifinmu ta matso, ni kuwa wata kalma ɗaya da ya faɗa kafin ya cika ta hana ni sukuni.

Babanmu shi ne ladanin masallacin unguwarmu a garin Maglaj tun kafin yaƙi. Mu uku ya haifa: Yaya Sabaheta, sai ni, sai autanmu Elvir. Allah ya ba Elvir murya, Baba kuma ya ɗora duk burinsa a kanta. Shi ya koya masa karatu da kiran salla, har inda ake jan numfashi. Da ya girma sai ya tafi Ostiriya aikin gini, daga nan ya faɗa waƙa a bukukuwan auren mutanenmu da ke can, wuraren da kin san ba gahawa kaɗai ake sha ba. Ranar da labari ya iso, Baba ya ce, "Muryar da na raina don hasumiya, yau ita ake buga wa kwalba." Daga nan ya daina ɗaukar wayarsa. In Elvir ya zo hutu, Baba sai ya tare a masallaci har ya ji motarsa ta bar layi. Haka aka yi shekaru.

Da kaka ciwon huhu ya kwantar da Baba. Yaya Sabaheta ta bar gidanta ta dawo jinya, ita ce wanki, ita ce juya shi, ita ce ba shi miya da cokali. Ni sai na tashi daga aiki nake leƙowa, wannan ba zan ɓoye ba. Da jiki ya yi tsanani na kira Elvir na ce ya taho. Ya ce, "Yaya, in na zo ya juya mini baya fa? Ba zan iya ɗauka ba." Na yi masa faɗa. Ranar Asabar sai ga saƙon murya daga gare shi, ya ce in kunna wa Baba.

Bayan la'asar na kai wayar kusa da kunnensa. Yasin ce Elvir ya karanta, sak yadda Baba ya koya masa. Baba ya lumshe ido, leɓɓansa suna bi. Ana gab da ƙarewa sai aka ji an buɗe ƙofa a can wajensu, kiɗa da shewa suka shigo, wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai Elvir, amarya na jiranka!" Ashe a bayan ɗakin biki ya ɗauka. Saƙon ya yanke. Baba ya buɗe ido, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce, "Halal gare shi." Ya juya fuskarsa bango. Bayan wannan ba abin da ya ƙara faɗa sai neman ruwa da kalmar shahada. Litinin ya rasu.

To kin san yadda kalmar nan take a bakinmu, balle a bakin Baba. In ya ba maƙwabci zuma aka zaro kuɗi, sai ya ture hannun ya ce, "Mai da abinka, halal gare ka." In yana kallon ƙwallo aka ci mai kyau, sai ya doki gwiwa ya ce, "Halal gare ka, yaro!" Amma da maƙwabcinmu Ramo ya matso da shingensa ya cinye mana gefen lambu, abin da Baba ya ce ke nan, "Halal gare shi," kuma har ya koma ga Allah bai sake yi wa Ramo sallama ba.

Da na kira Elvir in sanar da shi rasuwar, abin da ya fara tambaya shi ne ko Baba ya saurara. Na ce ya saurara. Ya ce me ya ce? Bakina kawai na ji ya ce, "Ya ce ya yafe maka." Ya fashe da kuka kamar yaro. Ya kwana yana tuƙi, ya samu jana'iza, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Matsalar ita ce Yaya Sabaheta tana bakin ƙofa da tire a hannu lokacin da Baba ya yi maganar. Bayan baƙi sun watse ta tare ni a kicin ta ce, "Ke dai ba ki ji tsoron Allah ba. Muryar shingen Ramo ce ya yi amfani da ita, kin sani na sani. Mutum yana mutuwa a aiko masa da Ƙur'ani da ganga a bayansa?" Ta ce yi wa mamaci ƙarya ba ƙaramin abu ba ne, in ban gyara ba ita za ta gyara ranar arba'in. Shi kuwa Elvir yanzu kullum sai ya kira ni. Ya ce rabonsa da barci mai daɗi irin wannan ya manta, ya koma salla, har ya roƙi liman ya bar shi ya yi kiran azahar a ranar addu'ar.

Na juya dariyar nan a kaina har na gaji. Wata rana in ji ta da taushi, wata rana in ji ta da ɗaci. Gwaggo, ƙarya na yi? In faɗa masa gaskiya in rushe shi, ko in roƙi Yaya ta rufa mini asiri?

Taki,
Wadda Ta Riƙe Wayar, daga Maglaj

'Yata, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Ba ki san abin da ya nufa ba. Yayarki ma ba ta sani ba, duk da rantsuwar da take yi. Kalmar nan ba ta zuwa da ma'anarta a goshi. Mai faɗa, da wanda aka faɗa wa, da inda aka faɗa, su ke ba ta ma'ana, shi ya sa ta yi wa mahaifinku aiki uku kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa, don yana raye ana ganin abin da ya biyo baya. Wannan karon babu abin da ya biyo baya.

Yayarki tana da hujja. Dariyar hanci da juya fuska bango ba alamun taushi ba ne, kuma ta fi ki sanin yanayinsa a kwanakin nan. Amma ke ma kina da taki. Mutumin nan ladan ne. Sau nawa ya tsaya a sahun jana'iza liman ya tambaya ko an yafe wa mamaci, jama'a suka amsa da wannan kalmar? Ya san nauyinta a bakin wanda ke kan gadon ajali, ya san ba ɗaya take da ta gaban talabijin ba. Da tsinuwa yake so, ai bai rasa kalmominta ba. Kuma ya saurara har ƙarshe yana bi da leɓɓansa, alhali ɗaga hannu kawai ya isa ki kashe wayar. Ni a nawa ganin, yana iya yiwuwa uban ya ji daɗin karatun, ya ji haushin kiɗan, ya kuma sake ɗansa, duk a numfashi ɗaya. Iyaye sun iya wannan. Amma zato nake yi, kamar ku.

Kuskurenki ba ƙarya ba ce irin ta mugunta. Fassararki kika miƙa wa Elvir a matsayin maganar uba. Wannan kuwa ya kamata ki gyara, kuma kafin ranar addu'a, ba a gaban dangi ana rabon alewar sadaka ba. Kira shi ki ce, ga ainihin abin da Baba ya faɗa. Ki faɗa masa komai: leɓɓan da ke bin karatu, ƙofar da aka buɗe, dariyar, bangon. Sannan ki ce, ni yafiya na ji, kuma har yanzu ita na fi zato. Elvir a gidan nan ya tashi, ya san harshen ubansa kamar yadda kika sani. Zai ji zafi, amma gara ya ji daga bakin mai ƙaunarsa da ya ji daga bakin mai fushi. Kada ki raina ƙarfinsa. Sallar da ya koma wa ba don ke yake yi ba.

Sai batun Sabaheta, wanda a wurina ya fi gaggawa. Matar nan ta yi watanni tana ɗauke da tsoho a hannunta, sai ga wanda bai zo ba ya aiko da saƙo ɗaya ya tafi da albarka. Ina zaton ɗacin da take ji a muryar Baba rabinsa nata ne. Ki je gidanta, ki sha gahawarta, ki gode mata da bakinki a kan jinyar nan, don na lura a wasiƙarki ba ki ce wani ya gode mata ba. Ki gaya mata kin faɗa wa Elvir gaskiya. Shi kuma ki ce masa kafin ya hau kiran salla, ya fara zuwa ya durƙusa gaban yayarsa ya nemi ta yafe masa. Baba ya tafi, ba a iya tambayarsa me ya nufa. Ita tana nan da ranta, in ta amsa masa da murya mai harshen damo, yana iya cewa, Yaya, wanne kike nufi?

Allah ya haɗa kanku, ya sa a yi addu'a lafiya, ya haskaka kabarin mahaifinku.

Gwaggo Fikreta