Ƙofar da Zakari ya gyara

Ɗan'azumi,

Na wuce Damagaram a motar haya, ban tashe ka ba.

Ka ji abin da ya same ni jiya a kasuwar Ɗan Barto. Ɗan injin nan mai kulle ƙofa da Zakari makaniki ya sa wa a-kori-kurarmu, ya rantse mini sabo ne fil, ashe tsoho ne ya wanke da fetur. Ina tsayawa ƙofofin biyu suka cije. Na ja, na danna, ko motsi. Ta taga na fito, kai ƙasa, hula cikin taɓo, masu awon gero suna tafi. Ni! Ni da na shekara arba'in ina jan babbar mota har Agadas, na kwana uku a hamada ba ruwa ban durƙusa wa kowa ba!

Zan sayo na gaske, gobe mu kwance marfin ƙofar mu ɗaura da hannunmu.

To, yau da hantsi Zakari zai zo aron motar, zai kai goron neman auren ƙanensa garin Kurni, shi da kawunsu. Ka ba shi. Daga waje makulli yana buɗe ta, daga ciki ne ba ta buɗuwa. Ka buɗe musu da kanka, ka yi musu Allah ya kiyaye hanya, ka rufe ƙofar da kyau. Kada ka ce masa uffan. Aikin hannunsa ne, ya je ya nuna wa surukai.

Kada uwarka ta ji. Tausayi gare ta, yanzu sai ta aika masa.

Babanka