Waƙafin Layi na Tara

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Yana iya takawa zuwa ƙofar gida? Ki gaida Inna da yara.

Ni lafiya lau, kada ku damu. Ina nan a cibiyar da manya ke koyon rubuta manhajar kwamfuta, ina duba musu kurakurai. Sai dai kwana biyu zama ya gagare ni. Ko ba wanda ya kira ni, sai kai-kawo nake tsakanin tebura, waya a hannu.

Jiya wata ɗalibata, direbar bas da ciwon baya ya raba da aiki, ta rubuta 'yar manhajar jera sunayen tashoshi, ta ƙi aiki. Ina leƙawa na ga waƙafi ɗaya ta manta a layi na tara. Don gaggawa na kai hannu zan gyara, ta buge hannun.

"Malama, in kika gyara min yau, gobe wa zai gyara?"

Dole na ja kujera, na ce ta karanta saƙon kuskuren kalma-kalma. Sai da ta yi minti ashirin kafin ta gano. Ihun da ta yi, har ajin ya juyo.

Na sake neman hutu, shugabarmu ta ce sai an gama jarrabawa, saura mako biyar. Don Allah ki daina ce min "da sauƙi". Ki miƙa wa Baba wayar, in ji daga bakinsa.

Allah ya tashi kafaɗunsa.

Ƙanwarki