Ƙaguwar da ka bar wa Inna

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan ta same ka lafiya a Fatakwal, ko duk inda aikin mai ya kai ka yanzu, tunda ba ka faɗa mana ba. Ni ce Binta. Mun yi sadakar arba'in ɗin Inna, kuma ba ka zo ba. Ba zan ɓoye maka ba, da fushi nake wannan rubutu.

Ka tuna zuwanka Kazaure na ƙarshe, Babbar Sallar da ka shigo da sabuwar mota? Inna, da shanyayyen ɓarin jikinta, ta sa na share maka ɗakin Baba na turara. Naman layya bai gama bushewa ba ka ce aiki na kira. Abin da ka ajiye mata a bakin tabarma gwangwanin madara ne mai huji a murfi. A ciki ƙaguwar teku ce guda biyu, irin wadda ke shigewa gidan dodon koɗi tana jan sa duk inda za ta. Ka ce za su ɗebe mata kewa. Ta tagar mota ka jefo mini yadda ake kiwonsu: yashi mai danshi, ruwan gishiri, kada su bushe.

Kada su bushe, Yaya. A Kazaure, da rani, inda wanki ke bushewa kafin a gama shanya.

Na je na roƙi Malam Iro mai burodi tsohon akwatin gilashinsa, na toshe tsagar da ƙaro. Yashi daga ƙoramar gindin dutse na ɗauko a ka, na wanke, na tankaɗe. Na sa murafun kwano biyu, ɗaya ruwan randa, ɗaya ruwan gishiri. Duk da haka ƙaramar ta mutu kafin mako ya zagayo. Na same ta ta fito daga gidanta ta ƙandare. Inna ta juya fuska bango, ranar ko kunu ba ta sha ba.

Daga nan na daina barci da rana. Na ƙara zurfin yashin, na rufe akwatin da tsumma, ina jiƙa shi kamar mai jinyar zazzaɓi. Na sa aka sayo mini gishirin kantu a kasuwar Babura, don na zargi na kanti. Da na ga babbar tana matsuwa a gidanta, sai na aika Roni, Gwaggo Asabe ta tsinto mana katantanwa a fadama, na dafa su na jera mata ta zaɓa. Na gwada mata tuwo ta ƙi, na gwada gyaɗa, daga baya na gane kwakwa take so da ɓarɓashin busasshen kifi. Ba wanda zan tambaya a garin nan. Wanda ya sani yana bakin teku.

Ka san abin da unguwa ta ce? Cewa aka yi dodon arzikinka ne ka kawo gida a ciyar maka, shi ya saya maka mota, shi ya shanye jikin Inna. Masu sayen furata suka ɗauke ƙafa. Har a gidan suna an janye tabarma da na zauna. Na ɗauki akwatin zan kai juji, Inna ta riƙe bakin zanina da hannunta mai lafiya. Ta ce, "Amanar Sale ce. In ya dawo me za ki ce masa?" Na mayar, ina kuka don haushi.

Da damina ta kusa, ƙaguwar ta binne kanta a yashi, shiru har wata ya kusa ƙarewa. Na ce ta mutu, a tona. Inna ta hana. "Mai rai ba ya son a yi masa gaggawa," in ji ta. Wata safiya sai ga ta ta fito da sabuwar fata, ta bar tsohon gidanta ta shiga katantanwar Roni. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce a rubuta maka. Malamin makaranta, maƙwabcinmu, ya rubuta. Ba ka amsa ba.

Da jikin Inna ya tsananta aka buga maka waya. Ka aiko direba da rediyo da turmin atamfa. Rediyo, Yaya, ga matar da muryar ɗanta take nema. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ce in leƙa. Na leƙa har na fara yi mata ƙarya, ina cewa hanya ce ta lalace.

Kai ne fa mai goya ni zuwa gona in ƙaya ta soke ni. Kai ne ka fasa wa wani yaro baki don ya kira ni marainiya. Wannan Salen nake nema, ban san inda ka kai shi ba.

Ƙaguwar tana nan da ranta, ina jiƙa mata tsumma, ba don kai ba. Ranar da Inna za ta cika, bayan ta yi kalmar shahada da azahar, ta kama hannuna ta ce, "Na yafe masa. Ke ma kada ki yi masa baki." Na yi mata alkawari. Shi ya sa zan tsaya nan, don abin da ya rage a bakina ba alheri ba ne.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa haƙurinta ya bi ta. Allah ya tsare ka daga sharrin ruwa da na mutane, ya karkato da zuciyarka gida tun akwai wanda zai buɗe maka ƙofa. Ni kuma Allah ya sanyaya mini tawa, don har yanzu ban iya faɗin abin da ta faɗa ba.

Ƙanwarka,
Binta