Marafan Kwalba a Bakin Ƙofa

Alhamis, 2 ga Agusta, 2007

Iya ta sake aiko da saƙo daga Adogi. Wai kafin azumi za ta zo ta tafi da Muhyiddin wajen mai maganin nan na gaba da ƙauyensu. Na san gidan, na taɓa ganin yara zaune a gindin mangwaro da mari a ƙafa. Ya'u bai ce e ba, bai ce a'a ba. In dai maganar uwarsa ce, sai mijina ya koma kallon silin kamar shi ya kafa shi.

Shekarar yarona takwas, bai taɓa ce min Mama ba, bai taɓa gaida kakarsa ba. Amma abin da ya fi tayar wa Iya hankali marafan kwalba ne. Duk zuwan da za ta yi, da safe sai ta tarar ya jera mata su reras a bakin ƙofar ɗakin da ta kwana. Ta ce ba yaron ke yi ba, mutanen kansa ne ke tare mata hanya, kuma kowa ya san abin da ake ajiye wa mutum a bakin ƙofa. Ba ta tsallakawa sai an share an yi hayaƙi.

Abin da ban gaya wa kowa ba, ni ma kullum ina tarar da su a tawa ƙofar. Shekara uku ke nan ina sharewa kafin Ya'u ya dawo daga masallaci. Ni da nake sayar da lemo, ni ce ma mai tara masa su.

Asabar, 4 ga Agusta

Madam Mnena, nas ɗin nan 'yar Tibi mai sayen lemo a wajena, ta ce sun shirya sansanin hutu a wata makaranta a hanyar Doma. Yara irin Muhyi da sauran yara duk a haɗe, da iyayensu, safe zuwa la'asar. "Maman Muhyi, ka kawo shi. Ba allura, ba magani. Yara ya yi wasa, iyaye ya huta." Na ce to, don dai ta tafi. Amma zan je. Me ya rage min?

Litinin, 6 ga Agusta

Mun je. Na ɗaure hannunsa da nawa da ɗankwali kamar kullum. A bakin get Madam ta kwance da kanta, ta miƙo min ɗankwalina, ta ce ko'ina a katange yake. Hannuna ya yi ta neman abin riƙewa har azahar.

Yara sun kai talatin. Wani yana ta kaɗa hannu, wata ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin tebur, wasu kuma lafiyarsu ƙalau, ƙannai da yaran unguwa, suna tsallake igiya a tsakaninsu ba wanda ya tsaya kallon wani. Muhyi ya kifar da bokitin zoɓo. Na miƙe ina ta "ku yi haƙuri, ba shi da lafiya," sai wata mata daga Agyaragu ta ja min zani ta ce in zauna, nata ya fasa tagar coci ranar Lahadi. Muka yi dariya har da hawaye. Rabona da irin wannan dariyar na manta.

Madam ta ce abin yana da suna, otizim. Ban san ko sunan zai yi min wani amfani ba, amma dai ba aljani ta ce ba.

Talata, 7 ga Agusta

Na yi barcin rana a kan benci, baki buɗe. Ni, Nasiha!

Laraba, 8 ga Agusta

Yau kam.

Akwai wata yarinya Msurshima, ita ce mai shiga ƙarƙashin tebur. Kakanta Baba Aper ke kawo ta a keke. Ina ɗaga kai na hango Muhyi durƙushe yana jera mata marafai a gaban ƙafa. Na ce yanzu tsohon nan zai ce mun zo yi wa jikarsa asiri. Na ruga na sa ƙafa zan watsar, sai ya tare ni da sandarsa. "Bar shi, ɗiyana. Jiya ma ya ba shi."

Madam ta ja ni gefe. Ta ce kwana uku tana lura. Ya jera wa Msurshima, ya jera wa mai dafa mana shinkafa, ita ma ya ba ta biyar. Malam Oliver mai busa usur a kunnen yara ko ɗaya bai samu ba. "Wanda yana so ne yake ba shi. Gaisuwa nashi ke nan."

Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. Shekara uku yaron nan yana gaishe ni da sassafe, ni kuma ina amsawa da tsintsiya.

Alhamis, 9 ga Agusta

Na share yau ma. Hannu ya riga ni. Kuma gaskiya tsoron bai gama fita ba, in Iya ce mai gaskiya fa?

Juma'a, 10 ga Agusta

Gobe ranar dangi, kowa ya zo da nasa. Na ce wa Ya'u ya ɗauko Iya. Ya fara kallon silin, na ce yau ko silin ɗin zai faɗo sai ya ba ni amsa. Ya ce zai je.

Asabar, 11 ga Agusta

Iya ta zo da carbinta, fuska a ɗaure. Ta ƙi kujera, sai da aka shimfiɗa mata tabarma can gefe. Ta ƙi zoɓo. Ina jin ta tana ce wa Ya'u wannan taron mahaukata da Kiristoci me zai tsinana.

Ana cikin waƙa Muhyi ya ja ledar marafansa ya nufe ta. Bai dube ta ba, ya durƙusa ya fara jerawa a bakin tabarma. Iya ta zabura tana a'uzubillahi, ta ce Ya'u ka gani ko, har a nan ma! Baba Aper ne ya matso, ya nuna mata na gaban jikarsa, ya nuna na gaban Madam, ya yi mata bayani da Hausarsa yadda ya iya. Ya ce shi kwana shida yana zuwa, ko guda bai samu ba, yana ma jin haushi.

Yaron yana ta jerawa, layi ya wuce tabarma ya doshi gindin dogon yaro. Can sai Iya ta nuna Madam da baki ta ce, "Ita wannan nawa ya ba ta?" Aka ce biyar. Ta dubi nata. Sai da ledar ta ƙare tas ya tashi ya tafi abinsa.

Iya dai ba ta iya cewa "na yi kuskure" ba. Amma ta sha zoɓon, kofi biyu. Da za ta tashi ba ta ce a share ba, ta zagaya ta bayan tabarma. Na ga ta sunkuya ta ɗauki guda ta ƙulle a habar zani, na yi kamar ban gani ba.

Talata, 14 ga Agusta

Ya'u ya dawo daga Adogi. Wai Iya ta ce hanyar gidan mai maganin ta lalace da damina, a bar maganar tukuna. Hanyar da mashin ke bi kullum! Shi kuma ya ƙara da nasa, ido cikin ido, ya ce ko da rani ma ba inda yaronsa za shi. Na zauna a kan akwatin lemo. Alhamdulillahi. Na ji kamar an sauke min buhun doya daga ka.

Har yanzu Muhyi ba ya magana, jiya ma ya yi ihu a kasuwa. Madam ta ce za mu riƙa haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata.

Lahadi, 19 ga Agusta

Kwana huɗu ina zagaye marafan ƙofata da tsintsiya. Yau na riga Muhyi tashi, ga marafai uku a kan firij, sai na ajiye su a bakin ƙofarsa. Ba wani abu ba ne, dama hanyata ce zuwa murhu.

Ya fito ya tsaya a kansu ya daɗe. Ya durƙusa ya gyara na tsakiya, ashe na karkatar. Bai kwashe ba.

Kokon ya kama a tukunya, kowa ya sha da ƙauri.